Zanen Ofiliya: Wace Ce Matar da Ke Cikin Ruwan?

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a bangon littattafai da kalandu da shafukan sada zumunta. Wata budurwa ce kwance rigingine a cikin rafi, sanye da doguwar riga mai aikin azurfa. Fuskarta da ƙirjinta da tafukan hannunta suna saman ruwa, bakinta a ɗan buɗe, idanunta ba su rufe ba. Furanni na shawagi a gefenta, ciyayi kore shar sun kewaye ta ta ko'ina. Sunan zanen Ofiliya, Turawa na rubuta shi Ophelia. Baturen Ingila John Everett Millais ne ya zana shi tsakanin 1851 da 1852, yanzu kuma yana gidan adana zane-zane na Tate Britain a Landan.

A watan Oktoban 2025 sunan ya sake tashi, bayan mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta fitar da waƙa mai ɗauke da shi, har masoyanta suka riƙa tururuwa zuwa wani gidan tarihi a birnin Wiesbaden na Jamus don ganin wata Ofiliyar ta daban, wadda Friedrich Heyser ya zana. Da sunan ya tashi, tsohon ruɗanin ma sai ya taso. Wasu na ɗauka gawar wata mata ce aka zana. Wasu na zaton Ofiliya ta taɓa rayuwa a wani zamani. Wasu kuma sun ji ana cewa matar da aka yi amfani da fuskarta sanyin ruwan ne ya kashe ta. Babu ɗaya daga cikin ukun da yake daidai. Tushen ruɗanin shi ne mata biyu aka haɗa a fuska ɗaya, ɗaya ta cikin littafi, ɗaya mai rai da jini, kuma kyan zanen ya danne labarin kowaccensu.

Ma'anar wasu kalmomi

Zane a nan ba hoton kyamara ba ne. Aikin hannu ne da burushi da fentin mai, wato garin launi da aka kwaɓa da man wasu tsirrai. Ana shafa shi a kan kambas, wani ƙyalle mai kauri da ake ɗamewa a jikin katako. Wannan zanen bai kai girman da mutane ke zato ba: tsayinsa kimanin santimita 76, faɗinsa kimanin 112.

Hoton kama shi ne wanda ake yi wa mutum na gaske don a nuna siffarsa da matsayinsa, kamar na sarki ko attajiri. Tauraruwar littafi kuwa ba ta da fuska, don marubuci ne ya ƙage ta. Dole mai zane ya aro mata. Sai ya ɗauki hayar wani ya zauna ko ya kwanta a gabansa yana kallo yana zanawa. Wannan mutumin shi ake kira modal, kalmar aro daga Ingilishi. Don haka zanen Millais ba hoton kama ba ne a asalin nufinsa, ko da yake kamar da ya yi da modal ɗin ta fito ƙwarai.

Tirajidi kalma ce da Turawa suka gada daga Girkawa. Tana nufin wasan kwaikwayo mai ban tausayi, wanda manyan taurarinsa ke ƙarewa cikin halaka. Ba kowace mutuwa ce ke mayar da wasa tirajidi ba. Sai mai kallo ya ga yadda abubuwa ke ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya har mafita ta toshe.

Ofiliya a cikin wasan Hamlet

William Shakespeare ya rubuta tirajidin Hamlet wajen shekarar 1600. Labarin a fadar Denmak yake. An kashe sarki da guba, ƙaninsa Claudius ya hau gado ya kuma auri matarsa Gertrude. Fatalwar marigayin ta bayyana wa ɗansa, Yarima Hamlet, ta ce baffansa ne ya yi kisan. Hamlet ya ƙudiri ramuwa, ya shiga nuna kamar ya zautu.

Ofiliya 'yar Polonius ce, babban bafaden sarki, kuma Hamlet ya nuna yana son ta. Duk shaharar da ta yi, cikin fitowa 20 da wasan ke da su a 5 kawai take magana. Amma a kowace daga cikinsu akwai abin da aka karɓe mata. Ɗan'uwanta Laertes ya gargaɗe ta kada ta yarda da son yarima. Mahaifinta ya hana ta sauraronsa, ta bi umarni. Daga baya mahaifin nata da sarki suka mayar da ita tarko: suka tura ta gaban Hamlet, su kuma suka laɓe suna saurare. Hamlet ya ci mata mutunci, ya musa cewa ya taɓa son ta, ya ce ta tafi gidan matan da suka keɓe kansu don ibada ba sa aure. Ba a daɗe ba ya soki wani mutum da takobi ta bayan labule yana zaton sarki ne, ashe Polonius ne. Aka binne shi cikin gaggawa ba tare da girmamawar da ta dace da shi ba. Aka tura Hamlet Ingila. Laertes yana Faransa. Mahaifiyarta kuwa ko ambatonta ba a yi a wasan ba.

A nan ne hankalinta ya gushe. Ta shigo fada tana rera waƙoƙin mutuwa da na budurwar da aka yaudara, tana raba wa mutane furanni. Maganar da aka saba yi cewa soyayya ce ta haukata ta, rabin gaskiya ce. Shi kansa sarki Claudius a cikin wasan mutuwar mahaifinta ya danganta abin da ita. Yarinya ce da ta yi biyayya ga duk wanda ke da iko a kanta, kuma biyayyar ba ta tsare ta daga komai ba.

Mutuwar da ba a nuna a dandamali ba

Babban abin da ya kamata mai kallon zanen ya sani shi ne, babu wanda ya taɓa ganin wannan mutuwa a wasan Shakespeare. Labarinta aka bayar. A Kashi na 4, Fitowa ta 7, sarauniya Gertrude ta shigo ta shaida wa Laertes, wanda ya riga ya dawo daga Faransa, cewa 'yar'uwarsa ta nutse. Ta ce Ofiliya ta hau wani itacen wilo, irin wanda ke fitowa a bakin ruwa rassansa na sunkuyowa, don ta rataya furannin da ta kitsa. Reshe ya karye, ta faɗa rafi. Tufafinta suka baje suka riƙe ta a sama na ɗan lokaci, tana ta rera tsoffin waƙoƙi kamar wadda ba ta san halin da take ciki ba, har suka sha ruwa suka yi nauyi suka ja ta ƙasa.

Bisa wannan bayani, hatsari ne. Amma fitowar da ke biye ta kawo shakka. Masu haƙa kabarinta suna gardama a kan ko ta cancanci jana'izar Kirista, har ɗayansu ya ce da ba 'yar manya ba ce da ba ta samu ba. Limamin coci ya taƙaita addu'o'in, ya ce mutuwarta akwai kokwanto, kuma umarnin fada ne ya sa aka binne ta a maƙabartar coci. Laertes ya fusata da shi ƙwarai.

Wannan gardama tana da nauyi a Ingila ta wancan zamani. Kashe kai laifi ne a dokar ƙasar har zuwa 1961. Har zuwa 1823 akan binne wanda aka tabbatar ya kashe kansa a mararrabar hanya, kuma sai a 1870 aka daina ƙwace dukiyarsa. Wanda aka tabbatar ba ya cikin hayyacinsa kuwa hukuncin ba ya hawa kansa. Wannan ba baƙon batu ba ne ga mai karatu Musulmi, don a fiƙihu ma hukunci a kan hankali yake rataye, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Akwai kuma tambayar da masu nazari suka daɗe suna yi: wanda ya tsaya ya ga duk wannan, har ya ji waƙoƙin da take rerawa, me ya hana shi ceto ta? Wasu na ganin Gertrude ta ƙawata labarin ne don ta sanyaya zuciyar Laertes, wanda ya dawo a fusace yana neman jinin wanda ya kashe mahaifinsa. Wasu na ganin lalurar dandamali ce kawai, tunda ba yadda za a nuna nutsewa a rafi a gidan wasa na lokacin, inda ma yaro namiji ne ke fitowa a matsayin Ofiliya, don sai a 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila. Ko ma wanne ne, Shakespeare ya bar ƙofar a buɗe.

Millais da yadda ya yi aikin

An haifi Millais a 1829. Yana ɗan shekara 11 ya shiga makarantar Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila, kuma ba a taɓa ɗaukar ɗalibi mai ƙarancin shekarunsa ba. A 1848 shi da William Holman Hunt da Dante Gabriel Rossetti da wasu abokai huɗu suka kafa ƙungiyar da za a iya kira 'Yan Kafin Rafayel. Rafayel shahararren mai zane ne na Italiya da ya rasu a 1520, kuma makarantun zane sun shafe ƙarnuka suna koyar da ɗalibai kwaikwayon salonsa da na mabiyansa. Samarin nan suka ce kwaikwayon ya zama al'ada marar rai. Suna so a koma ga launi mai haske, da kallon halitta ido da ido, a zana kowane ganye yadda Allah ya yi shi. Sun sha suka. A 1850 marubuci Charles Dickens ya yi kaca-kaca da wani zanen Millais a mujallarsa. A 1851 ne John Ruskin, babban mai sharhin zane na zamanin, ya fito ya kare su a jaridar The Times.

A watan Yulin wannan shekara Millais, yana da shekara 22, ya tare a bakin kogin Hogsmill a yankin Surrey, kudu da Landan. Al'adar lokacin ita ce a yi ɗan zayyane a waje, a koma ɗaki a kammala, kuma mutum ake fara zanawa, shimfiɗar wuri ta biyo baya. Shi sai ya juya tsarin. Ya fara da rafin, a wurin, a kan kambas ɗin kansa, ya bar gurbin da matar za ta shiga. Wata biyar ya yi yana wannan aiki, kwana shida a mako, wani lokaci har awa 11 a yini. A wasiƙunsa ya koka da ƙudaje masu cizo, da iska da ta kusa jefa shi ruwa, da barazanar kai shi gaban alƙali saboda ya shiga gonar wani ya tattaka ciyawa. Da sanyi ya shigo sai aka kafa masa 'yar bukka. Wani abu da ya sauƙaƙa irin wannan aiki shi ne fenti na cikin bututun ƙarfe mai matsuwa, wanda Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro a 1841. Hasken launin kuwa ya samo asali ne daga shafa fenti marar kauri a kan farar shimfiɗa, yadda farin ke haskowa ta ƙarƙashi.

Tun kafin a gama aikin wani dillalin zane, Henry Farrer, ya saye shi gini 300, wato fam 315. An baje shi a Royal Academy a 1852, aka kai shi babban baje kolin Faris a 1855. Daga baya ya shiga hannun attajirin sukari Henry Tate, wanda ya ba da shi kyauta ga ƙasa a 1894.

Matar da ta kwanta a baho

Fuskar da ke cikin zanen ta Elizabeth Siddal ce, wadda aka haifa a Landan a 1829. Tana aiki a shagon ɗinka hulunan mata lokacin da wani mai zane, Walter Deverell, ya ɗauke ta ta zama modal a zanen da ya yi daga wani wasan Shakespeare, wanda Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Daga nan sauran 'yan ƙungiyar suka san ta.

A hunturun da ya biyo bayan aikin rafin, Millais ya kawo ta ɗakin aikinsa a gida mai lamba 7 a titin Gower. Ya sayo tsohuwar riga mai aikin azurfa fam 4. Don ya ga yadda gashi da tufa ke yi a ruwa, sai ya sa ta kwanta a baho cike da ruwa, ya jera fitilun mai a ƙarƙashi suna ɗumama shi. Wata rana fitilun suka mutu. Shi aiki ya ɗauke masa hankali bai lura ba, ita kuma ba ta yi magana ba. Sanyi ya kama ta sosai. Mahaifinta ya nemi fam 50 kuɗin magani, ya yi barazanar kai ƙara, aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba.

Ta warke. Ta rayu shekara goma bayan haka, kuma waɗannan shekarun su ne aka fi mantawa da su. Ta koyi zane ta zama mai zane da kanta, ta kuma rubuta waƙoƙi. Daga 1855 Ruskin ya riƙa ba ta fam 150 a shekara don ya mallaki abin da ta zana. A baje kolin da 'yan ƙungiyar suka shirya a Landan a 1857, ita kaɗai ce mace da aka nuna aikinta. Ta auri Rossetti a 1860 bayan dogon nema mai cike da ɗage-ɗage. A 1861 ta haifi 'ya ba rai. Ranar 11 ga Fabrairun 1862 ta rasu tana da shekara 32, sakamakon shan lodanam fiye da kima. Lodanam ruwan ofiyom ne da aka haɗa da barasa, ana sayar da shi a kantin magani a lokacin ba tare da takardar likita ba, kuma ta daɗe tana sha. Binciken hukuma ya yanke cewa hatsari ne, amma jita-jitar cewa da gangan ta sha ba ta taɓa kwantawa ba.

Kamar da ke tsakanin ƙarshenta da na Ofiliya, wato ɓacin rai da mutuwa mai kokwanto, ita ta sa mutane ke haɗa labaran biyu su zama ɗaya. Abin da ya biyo baya ya ƙara wa wutar mai. Rossetti ya sa littafin waƙoƙinsa na rubutun hannu a akwatin gawarta, sannan a 1869 ya sa aka tone kabarin a maƙabartar Highgate aka ciro shi don ya buga. Labari mai ɗaukar hankali irin wannan ya fi saurin yaɗuwa a kan labarin mace da ta zauna ta koyi sana'a.

Abin da ke cikin zanen

Ofiliyar Millais ba gawa ba ce. Ya zaɓi ɗan tsakanin nan ne, bayan faɗawa kafin nutsewa. Bakin da ke buɗe waƙa yake yi. Ƙasan rigar ya fara nitsewa, saman yana nan a baje. Hannuwan a buɗe suke suna kallon sama, wasu na karanta su a matsayin miƙa wuya, wasu na ganin kama da yadda ake zana waliyyai a coci. Bai nuna ta tana faɗawa ba, bai kuma nuna tana neman tsira ba. Shakkar da ke cikin wasan tana nan yadda take.

Furannin ma ba ado ba ne kawai. Mutanen Ingila na lokacin suna ba kowane fure ma'ana. Wilo alamar son da aka yasar ne. Ganyen nan mai ƙaiƙayi alamar raɗaɗi, ƙaramin farin fure mai rawayar tsakiya alamar rashin laifi. Furen bayolet ɗin da ke wuyanta na nuni ga amana da mutuwar ƙuruciya. Akwai jan furen fofi, wanda daga danginsa ake samun ofiyom, alamar barci da mutuwa. Wannan babu shi a jerin Shakespeare, Millais ne ya ƙara. Masu son haɗa zanen da mutuwar Siddal sukan kafa hujja da shi, alhali shekara goma ya riga ta. A can sama ta hagu akwai ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, wanda ke tuna da ɗaya daga cikin waƙoƙin da ta rera cikin hauka.

Saboda watannin da ya ɗauka, furannin da ba sa fitowa lokaci guda sun haɗu a wuri ɗaya, kamar a ce an haɗa gonar damina da lambun rani a fili guda. Kowane tsiro daidai yake da na gaske, har ɗan Millais ya rubuta cewa wani malamin ilimin tsirrai ya taɓa kai ɗalibansa gaban zanen maimakon daji. Amma wurin gaba ɗaya haɗawa aka yi, kuma rafin Surrey ne, ba na Denmak ba.

Saɓanin ra'ayi

Masu suka na farko a 1852 ba su ji daɗin yawan ganyen ba. Mai sharhin The Times ya ga cewa jefa Ofiliya a cikin kwatami mai ciyawa ya rage wa mutuwarta kwarjini. A wurinsu, ya kamata idon mai kallo ya tafi kan mutum kai tsaye, sauran abubuwa su dusashe. Masu yabo kuwa wannan ne suka ɗauka ƙarfin aikin.

Suka mafi nauyi ta zo ne bayan fiye da ƙarni guda, daga masu nazarin yadda ake siffanta mata a adabi da zane. Fitacciya a cikinsu ita ce Ba'amurkiya Elaine Showalter, wadda ta yi rubutu a kan Ofiliya a 1985. Hujjarsu ita ce Turai ta ƙarni na 19 ta kamu da sha'awar kallon kyakkyawar mace tana mutuwa. Marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fito fili a 1846 ya ce babu jigon da ya kai wannan dacewa da waƙa. George Frederic Watts ya zana gawar wata mata da ruwa ya turo ƙarƙashin gada a Landan. Ofiliya kanta an zana ta ba adadi: Eugène Delacroix a Faransa, Arthur Hughes a baje koli ɗaya da Millais, John William Waterhouse har sau uku tsakanin 1889 da 1910. Abin ya wuce zane. A shekarun 1850 likita Hugh Welch Diamond yana ɗaukar hotunan mata marasa lafiya a gidan masu taɓin hankali na Surrey, kuma akwai wadda ta fito da kambin ganye a ka irin na Ofiliya. Wato surar da aka ƙaga a dandamali ta fara zama ma'aunin da ake duban majinyata na gaske da shi.

Masu kare zanen suna cewa Millais bai tsiraita ta ba, bai kuma mayar da ita abin sha'awa ba. Abin da ya nuna shi ne kaɗaici. Kowane tsiro yana cikin ganiyarsa, tsuntsu na kan reshe, rafi na tafiya abinsa, babu abin da ya tsaya don wata na mutuwa. Wannan karatu yana da ƙarfi, kuma akwai abin da za a ƙara masa. Mai kallon zanen a bakin rafi yake tsaye, yana leƙa ta daga ɗan sama. Wurin nan ne mutumin da ya ga komai bai miƙa hannu ba ya tsaya. Duk wanda ya san wasan, zai ji nauyin wannan matsayi da aka ajiye shi.

Sai dai sharaɗin shi ne sanin wasan. A nan masu suka suka fi gaskiya. Babu Polonius a zanen, babu Hamlet, babu sarki. An cire duk waɗanda suka kai ta bakin ruwan, an bar ta ita da furanni. Wanda bai karanta ba zai ɗauka haka kawai ta tashi ta lalace, ko kuwa halin mata ne. Nutsewa ta gaske kuma ba haka take ba, fafutuka ce da shaƙewa. Natsuwar da ke fuskar nan daga bakin Gertrude ta fito, ita kuwa tana da dalilinta na tausasa magana.

Tasirin zanen da abin da ke iya biyo baya

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma haka ta faru a nan. Shakespeare ji ya bayar, Millais ya kawo gani, har ganin ya koma ya mallaki wasan. Lokacin da Laurence Olivier ya yi fim ɗin Hamlet a 1948, ya nuna Jean Simmons tana shawagi a rafi cikin furanni, tsarin da kowa ya gane daga ina ya fito. Marubucin Japan Natsume Soseki, wanda ya yi karatu a Landan, ya sa zanen a tsakiyar tunanin tauraron littafinsa Kusamakura na 1906. Masu ɗaukar hoton tallar tufafi da masu shirya bidiyon waƙa har yau suna kwantar da 'yan mata a ruwa suna maimaita shi, galibi ba tare da labarin ba.

Wannan rabuwa da labarin ita ce abin damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu a kowace shekara, kuma ta fitar da ƙa'idoji ga kafofin watsa labarai da masu shirya fim cewa kada a ƙawata irin wannan mutuwa, don bincike ya nuna masu rauni kan kwaikwayi abin da aka nuna musu da kyau. Ba wanda zai ce zanen da ya shekara fiye da 170 a gidan tarihi shi ke jawo wannan. Amma idan aka yanko shi aka liƙa masa kalaman yanke ƙauna aka watsa wa matasa a waya, ya zama wani abu daban. Surar ta kuma koya wa mutane cewa wannan matsala ta mata ce, alhali alƙaluman hukumar sun nuna maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Malamin adabi da zai nuna wa ɗalibai zanen, ya fi kyau ya haɗa shi da fitowar da aka mayar da Ofiliya tarko da ta masu haƙa kabari, don su ga sanadi tare da sakamako.

Ta ɓangaren Elizabeth Siddal kuwa an fara gyara. A 1991 masaniyar tarihin zane Jan Marsh ta shirya baje kolin ayyukanta ita kaɗai a birnin Sheffield, kuma an tattara waƙoƙinta an buga da sunanta. A 2023 Tate Britain ya shirya babban baje koli a kan iyalin Rossetti, inda aka jera zane-zanenta kusa da na mijinta, masu shirya shi suka nuna wuraren da shi ne ya ɗauki fasali daga aikinta.